BP ɗin Hajiya ya kai 215/125, maigida yace a jira Asabar

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ina aure a Kano, gida ɗaya muke da mahaifiyar mijina, shi yana Fatakwal wajen aiki. Hajiya ta daɗe da hawan jini tana shan amlodipine, amma tun bayan babbar sallah ta ajiye tace kumbura mata ƙafa yake yi kuma ai ta warke, sai diclofenac na ciwon gwiwa da take aiken yara kemis kusan kullum. Jiya da daddare ta fara ciwon kai a ƙeya har tayi amai, tace tana gani hazo hazo, yau da asuba kuma tana min magana naji harshenta yayi nauyi, kofin shayi ya suɓuce mata a hannun dama, kamar minti goma sai ta dawo daidai. Na gwada ta da na'urar awon hawan jini, wato BP, da muke da ita a gida naga 215/125, na sake naga 210/122. Yaron kemis ɗin layinmu yace a sa mata nifedipine ƙarƙashin harshe yanzu zai sauka. Na kira Abban yara yace a jira Asabar yazo ya kaita da kanshi, yayarshi kuma tace iska ce, har ta aika a karɓo rubutu. Ita Hajiyar tace babu inda zata je. Ni tsoro nake in matsa ace suruka tana mata fatan ciwo, gashi ina da ciki wata bakwai. Ya zanyi?

Wa alaikumussalam ƙanwata. Saƙon nan yana shigowa na tura miki amsa a gajarce cewa ku ɗauki Hajiya ku tafi emajensi yanzun nan, ba da yamma ba, ba gobe ba, balle wata Asabar. Har yanzu maganar kenan, abinda zan ƙara anan bayani ne, saboda in kin san dalili zaki samu ƙarfin bakin da zaki yiwa maigida da yayarshi magana, kuma nasan akwai gidaje da yawa da irin haka take faruwa ana zaune ana jiran wanda yake da iko ya dawo daga tafiya.

Bari in fara da lambar. Idan na sama ya kai 180 ko na ƙasa ya kai 120, an fita daga hawan jinin da ake cewa a rage gishiri a dawo bayan wata ɗaya. Toh amma ko a nan ɗin kashi biyu ne. Akwai wanda za'a gwada aga 185/115 shi kuma garau yake jin kanshi, babu ciwon kai mai tsanani babu komai, wannan sai a zaunar dashi ya jingina bayanshi, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, yayi shiru minti biyar a sake gwadawa, in har yana nan a sama yaga likita a ranar, yawanci da ƙwayoyi ake gyarawa ya koma gida. Na biyun shine wanda lambar tayi sama kuma jiki ya fara nuna an taɓa wani waje, ciwon kai mai tsanani da amai, gani ya dushe, ruɗewa ko magana ba kan gado, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, ciwon ƙirji, numfashi yana yin sama sama har mutum ya kasa kwanciya sai a zaune, jijjiga, ko fitsari ya ragu sosai. Wannan ba'a zama a sake gwaji ana kallon juna, mota ake nema. Ki duba wasiƙarki da kanki ki ƙirga nawa daga ciki Hajiya take dasu.

Wanda yafi ɗaga min hankali ma shine wanda ya kwantar muku da hankali a gidan, wato nauyin harshen nan da hannun da ya saki kofi sannan ya dawo bayan minti goma. Nasan yadda ake yi, ana cewa alhamdulillahi ya wuce. Abinda irin wannan yake nufi shine jini ya ɗan yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa sannan ya dawo, hannun dama da magana kuwa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne yake riƙe dasu a yawancin mutane shi yasa suka tafi tare suka dawo tare. Ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne, kuma an san cewa haɗarin babban yazo yafi yawa a kwana biyun farko bayan ƙaramin. Kinga kenan Asabar ɗin da maigida yake faɗa tana bayan lokacin da yafi kowane haɗari. In babban yazo ba minti goma zaiyi ba, wani ya tashi da jan ƙafa, wani ya shekara a kwance ana juya shi ana canza mishi zani, wani kuma shikenan. Kuma wlh duk gidan nan ke zaki fi kowa sanin wahalar jinyar, tunda ke ce a gida.

Sai maganar yaron kemis. Dan Allah kar ki bari. Sa nifedipine ƙarƙashin harshe ko fasa ƙwayar a baki tsohon yayi ne, a da har a asibitoci anyi, aka daina saboda an ga yana faɗar da jini lokaci ɗaya babu birki, mutane suna samun shanyewar jiki da bugun zuciya a dalilin maganin da aka basu don a cece su. Mutane suna mamaki in an faɗi haka, ai jini ne ya hau, in ya sauka ba shikenan ba? Jikin wanda ya daɗe da hawan jini ya riga ya saba da wannan ƙarfin, jijiyoyin sun yi kauri sun ƙanƙance, da wannan matsin jinin yake isa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Kamar ruwan famfo ne a gidan bene, ranar da ƙarfin ruwa ya ragu na ƙasa suna ta tara bokiti na sama ko ɗigo babu, toh ƙwaƙwalwa ita ce a saman benen. Shi yasa a asibiti basa gaggawar maida shi 120/80, a awa ɗaya na farko basa so ya sauka fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, sannan a hankali zuwa wajen 160/100 cikin wasu awoyi, sauran kuma a kwana ɗaya zuwa biyu, kuma da allurar jijiya irin labetalol ko hydralazine suke yi wadda za'a iya ƙarawa ko a tsayar ana gwadawa bini bini. Ƙwayar da ta riga ta narke a baki kuwa babu mai dawo da ita. Yaron kemis ba mugunta yake nufi ba, abinda ya gani ana yi yake yi, amma in Hajiya ta faɗi a bencin shagonshi bashi da abinda zai mata.

Haka kuma kar a ɗauko ragowar amlodipine ɗin a bata uku lokaci ɗaya wai a rama na baya, kar a karɓo maganin maƙociya don ita ma hawan jini gareta, kar a bari a mata allurar lasix mai sa yawan fitsari a kemis, kuma kar a bata aspirin, wanda ake cewa vasoprin, kafin ayi hoton kai. Dalili, shanyewar jiki iri biyu ce, ko jijiya ta toshe ko ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, daga waje kamanninsu ɗaya, sai hoton CT ne yake rabawa, aspirin yana taimakon na farko amma yana ƙara wa na biyu zubar jini. Zoɓo mara suga da tafarnuwa da ake ta yaɗawa a guruf guruf na WhatsApp, ba zan ce ƙarya bane gaba ɗaya, zoɓo yana ɗan rage jini kaɗan ga mai sha yau da gobe, amma ba'a tarar 215 da kofin zoɓo.

Yanzu ga ainihin abinda ya ɗaure ki, don na lura ke kin riga kin san asibiti ya kamata aje, kunya da tsoron baki ne suka riƙe ki. Ina ganin laifin maigida kaɗan ne, abinda yaji a waya shine jinin Hajiya ya hau, wannan kuwa ya sha ji, shi yasa yace Asabar. Ki sake kiranshi, kar ki fara da lamba, kice mishi Abban wane, yau da asuba harshen Hajiya ya karye hannunta na dama ya saki, an ce min alamar shanyewar ɓarin jiki ce kuma babban yana iya zuwa yau ko gobe, ina neman izininka in kaita yanzu, ka turo abinda ya samu. Ki ɗauki hoton na'urar da lambar a jiki ki tura mishi. Ɗa in yaji kalmar shanyewar jiki a kan mahaifiyarshi da wuya ya sake cewa a jira, in kuma wayar bata shiga ko yana wajen aiki, ki tura saƙo ki kama hanya, babu malamin da zai ce miki kinyi laifi don kin fita ceton ran uwar mijinki.

Yayar tashi kuma kar kiyi musu da ita a kan iska ce ko ba iska bace, ba zaki ci wannan gardamar yau ba kuma lokaci zaki ɓata. Kice Yaya kizo mu tafi tare ke ce babba, ayi tofin a mota, addu'a bata hana likita aikinshi. Annabi sallallahu alaihi wasallam da kanshi yayi umarni da neman magani, yace Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abu ɗaya dai, rubutun a ajiye shi tukuna kar a ɗura mata, wanda harshenshi yayi nauyi sau da yawa haɗiyarshi ma ta taɓu, ruwan sai ya bi hanyar iska ya sauka a huhu ya zama wani ciwon daban. A asibiti zasu gwada haɗiyar kafin su ce a bata ko ruwa. Kuma sa Yaya a gaba yana da wani amfanin, duk abinda ya biyo baya ba za'a ce suruka ce ta yanke hukunci ita kaɗai ba.

Ita Hajiya da tace babu inda zata, tsofaffinmu yawanci tsoron a kwantar dasu suke, wasu kuma suna ganin asibiti wajen mutuwa ne saboda duk wanda suka sani an kai shi ne bayan ya gama galabaita a gida. Kin fi ni sanin wanda take jin maganarshi, autanta ne ko ƙaninta ko wata aminiyarta ko limamin masallacin layin, a kira shi ya mata magana ko a waya ne. Ke kuma ki durƙusa ki roƙe ta yadda kika saba, kice Hajiya dan Allah ki taimake ni muje a duba idon nan da yake miki hazo, hankalina ya kasa kwanciya. Ba ƙarya kika yi ba, idon ma za'a duba. In kuma kika ga ta fara ruɗewa, tana magana ba daidai ba ko bata gane mutane, toh an wuce wajen lallashi, ɗaukarta za'ayi. Masu cewa kina mata fata kuwa, in aka zauna har abin ya faru su ɗin dai ne zasu ce kina gida kina kallo baki yi komai ba, bakin nan ba zaki tsira daga shi ta kowace hanya ba, gara ki zaɓi wanda Hajiya zata tashi da ƙafafunta.

Ku nufi babban asibiti mai emajensi na awa 24, a Kano akwai Malam Aminu Kano akwai Murtala akwai na Nassarawa, kar ku tsaya ƙaramin asibitin unguwa da ba'a hoton kai sai dai in shine kaɗai zaku iya kaiwa, su sai su tura ku gaba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ki gwada in kina so amma kar ki zauna jiranta, motar maƙoci ko adaidaita duk wanda ya fara samuwa. Ki zuba duk magungunan da take sha a leda harda diclofenac ɗin da duk wani na gargajiya ko na islamik kemis, da katin asibitinta in akwai, ki rubuta a takarda ƙarfe nawa harshen yayi nauyi, minti nawa yayi, da lambobin da kika gani da lokacinsu. Lokacin nan yana da muhimmanci sosai, don allurar narkar da gudan jini a inda ake da ita cikin awa huɗu da rabi daga fara alamar ake yinta. In kun isa kar ki tsaya a layin masu yankar kati kina jin nauyi, ki samu nas kice BP 215/125 da ciwon kai da amai, da asuba harshe yayi nauyi hannu ya saki. Waɗannan kalmomin suna sa a tashi tsaye. In a hanya ta suma ko ta fara jijjiga ku kwantar da ita a gefe ɗaya don kar amai ya shaƙe ta, kar a tura cokali ko yatsa a bakinta, kar a sheƙa mata ruwa.

A can zasu gwada suga don ƙarancin suga ma yana kwaikwayon shanyewar jiki, zasu ɗebi jini a duba ƙoda, a duba fitsari ko akwai furotin, ayi ECG na zuciya, a haska cikin ido, sannan hoton kai. Ina so ki gaya wa Yaya wani abu tun kafin ku shiga don kar ayi rigima da ma'aikata, zai iya yiwuwa ku ga BP yana 180 ko 190 likita ya gani ya wuce bai ƙara allura ba. Ba sakaci bane. In hoton ya nuna toshewar jijiya ce, da gangan ake barin jinin a ɗan sama a kwanakin farko, sau da yawa ba'a taɓa shi sai ya haura 220/120, don wajen da ya rasa jini ya samu. In kuma fashewa ce lissafin daban ne, sauke shi zasu yi. Ku tambaya a muku bayani, haƙƙinku ne, amma kar wani ya fita ya siyo ƙwaya a waje ya bata a ɓoye.

Kuɗi kam za'a kashe, hoton CT ba arha bane. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 tace kar a ƙi karɓar mara lafiyar gaggawa, amma mu da muke zuwa asibitocin mun san magani da gwaji sai an biya, don haka tun a mota a fara kiran 'yan uwa, in Hajiya tana cikin inshorar lafiya ta ɗanta ko ta jiha a ɗauko katin. Ko nawa ne dai bai kai kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati ba, wanda shine inda hawan jinin da aka yi banza dashi yake kai wasu.

In Allah ya bata lafiya aka dawo gida, abinda ya jawo wannan a bayyane yake a wasiƙarki. Hawan jini irin nata ba'a warkewa, danne shi ake yi, lafiyar da taji har tace ta warke aikin maganin ne, tana ajiyewa ya dawo a hankali ba tare da ta ji ba. Kumburin ƙafar kuma gaskiyarta ne, amlodipine yana yin haka ga mutane da yawa, da an koma an faɗa wa likita sai ya rage ko ya canza ko ya haɗa da wani, magungunan suna da yawa. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam da ire irensu, harda haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, suna riƙe gishiri da ruwa a jiki suna hawar da jini suna cin ƙoda, mai hawan jini bai kamata ya maida su abincin kullum ba, a nema mata wani abin na gwiwar. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci ma suna hawar dashi. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tace kar ya wuce giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan duk abincin yini, kuma dunƙulen da muke jefa huɗu biyar a tukunya yawancinshi gishiri ne, ga yajin da aka daka da dunƙule, ga kanwa. Tunda ke kike girki wannan a hannunki yake, ki rage a hankali ki ƙara daddawa da citta da albasa, in aka yi a sannu ba kowa zai lura ba. Maganin kuma ki ɗaura shi da wani abu da bata fashi, kamar bayan sallar asuba, in azumi yazo likita ya gyara mata lokacin sha, ba a ajiye ba.

Ke kuma da cikinki wata bakwai, tunda na'ura tana gida ki riƙa gwada kanki, kuma ki sani lissafin mai ciki ba irin na Hajiya bane. Ke 140/90 ma magana ce, aje awo a faɗa, in ya kai 160/110 emajensi ne ko baki jin komai, haka in kika ji ciwon kai da baya jin magani, ko kina ganin walƙiya walƙiya, ko ciwo a saman ciki ta dama ƙarƙashin haƙarƙari, ko fuska da hannu suka kumbura lokaci ɗaya, wannan shine yake kaiwa ga jijjigar masu ciki, kuma yana iya zuwa har bayan haihuwa cikin sati shida. Kar ki taɓa shan maganin hawan jinin wani, irin su lisinopril suna illa ga jariri. In an zo jego kuma a taƙaita kunun kanwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanshi da wankan ruwan zafi da ciwon zuciyar masu jego. Yau ɗin ma kar ki ce ke zaki ciccibi Hajiya ki sa a mota, ki kira samarin gidan su ɗauke ta, ke ki riƙe ledar magani da takardar da kika rubuta lokutan.